Yadda Aka Faɗaɗa Shuɗin Tuta

Shekarar da kogin Dajin Tsamiya ya ƙafe, ruwan da ya rage wa talakawa bai wuce tafki guda ba, shi ma ya ja baya har tsakiyarsa. A nan jakuna da bareyi da gaduna ke layi tun safe, kowa ya kurɓa ya ba na baya wuri. Daga nan kuma jakuna ke yi wa fada dakon ruwa a salka.

Malam Gambo Ƙadangare shi ne Mai Fassarar Tuta. Sarakuna uku ya yi wa wannan aiki, tun kansa bai yi ja ba, har ya ajiye tumbin da yake kira alamar ilimi. Tutar layi uku ce: kore, fari, shuɗi. Kore ciyawa, shuɗi kogi. Farin kuwa ya fassara shi da madara a zamanin sarki na farko, zaman lafiya a na biyu, gaskiya a na yanzu, alhali ya san ruwan rini ne ya ƙare wa marina aka bar wurin haka. Da can har da jan layi, wai jinin mazan jiya. An cire shi ranar da wata barewa ta tambaya a bakin wa jinin ya zuba.

Wata hantsi tsohon jaki Baba Duna ya same shi yana shan rana a kan katanga.

"Malam, mun ji ana zaman majalisa a kan ruwa. Kai kaɗai ne namu da ke shiga. Ka ce musu a yashe tafkin nan, a hana giwayen fada wanka a ciki. Shi ke nan roƙonmu."

"Baba, ka kwantar da hankalinka," in ji Malam Gambo. "Yau sai sun ji abin da ba su taɓa ji ba."

A hanya ya shirya jawabi mai zafi. Kafin ya kai ƙofar fada ya rage masa zafi kaɗan. Da ya hangi haƙoran Waziri Kure sai ya rage sauran.

Waziri ya miƙe ya gyara murya. "Allah ya ja zamanin Zaki! Wannan gwamnati ba ta barci. Mun yi nazari mai zurfi, mun gano ba rashin ruwa ke damun talakawa ba, rashin tuna ruwa ne. Ku dubi shuɗin tutarmu, siriri, ya koɗe. Yaya ɗan ƙasa zai ji sanyi a ransa?"

Dila, Sarkin Ayyuka, ya karɓe. "Ranka ya daɗe, a ninka faɗinsa uku. Duk mai jin ƙishi ya ɗaga kai, ya ga kogi yana kaɗawa a sama, inda fari ba ya kaiwa. Ba mu yi alkawarin ruwa ga kowa ba? To ga shi, har na nesa zai samu."

"Da me za a rina?" in ji Zaki, yana hamma.

"Karofi ya bushe, ranka ya daɗe. Amma ga tafki. A zuba baban rini da toka a ciki, ya zama marina guda. Sadaukarwa ce ta ɗan lokaci."

Zaki ya juyo. "Mai Fassara, tarihi ya yarda?"

Malam Gambo ya buɗe baki. To, al'adar majalisar Dajin Tsamiya ita ce gyaɗa kai ake ƙirgawa, ba magana ba, don kada a gajiyar da sarki. Shi kuwa ƙadangare, in tsoro ya kama shi, kansa ba ya shawara da shi. Ya gyaɗa, ya sake gyaɗawa.

"Tarihi ya yarda har da ƙari!" in ji Waziri. Fada ta ɗauki tafi.

Da zai iya cewa a'a a lokacin. Ya auna, ya ga tafin ya yi masa daɗi.

Jakunan ne aka sa suka yi dakon baba da toka zuwa tafkin. Su suka dama da muciya, su suka ja ƙyallen suka tsoma. Baba Duna ya wuce ta gindin katanga da kaya a baya, bai ɗaga kai ba.

"Baba, na fa yi magana," in ji Malam Gambo daga sama. "Ba a dai ji ba ne."

"Mun ji, Malam. An ce har sau biyu ka yi."

Ranar bikin ɗaga tuta rana ta buɗe sosai. Shuɗin ya yi kyau, wannan kam ba a ƙaryatawa. Sai dai filin talakawa wayam, babu jaki, babu barewa. Sawunsu kawai aka gani ya miƙa kudu, manya da ƙanana. Ba mai jan igiya, don haka fadawa suka shimfiɗa tutar a ƙasa suka kewaye ta, Waziri ya bayyana cewa sabon tsari ne na kusantar da tuta ga jama'a.

Zaki ya yi dogon jawabi a kan haƙurin talakawansa, har muryarsa ta dushe. Ya ce a kawo ruwa.

Aka dubi salkuna, duk a bushe. Dila ya ruga tafki ya dawo da ƙwarya, ya durƙusa ya miƙa. Zaki ya leƙa, ya shinshina, ya ture ta da ƙafa. Shuɗi ya malale a ƙasa.

"Na ce ruwa."

Zaki ya lashi busasshen leɓensa, ya bi fadawan da kallo ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya tsaya a kan Waziri Kure, daidai maƙogwaro, ya daɗe a wurin.

Malam Gambo ya lallaɓa ya ƙara hawa saman katanga.