Ranar da Na Yi wa Jirgin Ƙasa Sharri

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Talatar nan ba, wadda na tsaya gaban mutum goma sha ɗaya na shirga wa jirgin ƙasa ƙarya. Har yau in abin ya faɗo mini ina wanka sai na rufe fuska da hannu, ni kaɗai a banɗaki.

Bari in fara faɗin laifina kafin wani ya riga ni: ni mutum ne mai latti, kuma ba yau na fara ba. Lokacin da nake aiki a Kano ina da uzuri kala-kala da nake sauyawa kamar kayan sawa. Litinin cunkoso, Talata mota ta mutu mana a hanya, Laraba ruwa ya cinye titi. Wanda na fi ƙwarewa a kai shi ne na mutuwar mota, don har direba nake sakawa a ciki, ya fito ya buɗe gaban mota yana ba fasinja haƙuri. Ba a taɓa ƙure ni ba, saboda wanda zai ƙure ni ɗin shi ma da nasa labarin ya shigo.

Sai Allah ya kawo ni Dubai, na samu aiki a wani kamfanin kago a Jebel Ali, ina shirya takardun kwantenonin da 'yan kasuwarmu ke turawa gida. Aka ba ni wata shida na gwaji. In na tsallake a tabbatar da ni, in samu damar ɗauko matata Maryam. In ban tsallake ba aikin ya tafi, biza ta bi shi, ni ma in bi bizar. Manajanmu Alhaji Sanusi dattijo ne mai sanyin magana, ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, sai dai ya duba agogo ya dube ka. Wallahi gara ya zage ka.

A lokacin a unguwar Abu Hail nake zaune, mu biyar a fulat ɗaya, banɗaki ɗaya. Daga can zuwa ofis tafiyar fiye da awa ce a jirgin ƙasa na cikin gari, ga sauya jirgi a hanya. Cikin wata uku na karɓi takardar gargaɗi biyu, kuma kowa a kamfanin ya san ta uku ita ce ta sallama. Rannan Alhaji ya kira ni ofishinsa.

“Malam, aikinka yana da kyau, ƙafarka ce ba ta da kyau,” in ji shi. “Akwai sababbin benaye da aka jera a bakin wata tasha, tasha uku ce kawai zuwa nan. Ka je ka duba ko za a dace.”

Na yi godiya na fita. Ban tambaye shi yadda aka yi ya san wurin ba (riƙe wannan, za mu dawo kansa).

Wurin kuwa ya yi. An ce da can fili ne fetal, ba komai sai rairayi, amma yanzu dogayen benaye ne kafaɗa da kafaɗa sun zagaye tashar. A ƙasansu ga kanti, ga masallaci, ga mai aski, ga mai shayin karak, shayin madara mai kayan ƙamshi. Daga benen da na zaɓa wata doguwar gada ce rufaffiya da gilashi mai duhu, da sanyin AC a ciki, ta miƙe har cikin tasha, ko rana ba za ta taɓa ka ba. Na kama ɗan ɗaki a hawa na huɗu, barandarsa na kallon gadar nan da layin jirgi. Abokaina na Abu Hail suka yi ta tsiya wai na koma jeji, ni kuwa na ce su zauna nan su ci gaba da bin layin banɗaki.

Sati biyun farko ni nake riga kowa zuwa. Har Anti Rabi, wadda ke kula da takardun kwastan kuma bakinta ba ya ajiye magana, ta tambaye ni ko a ofis nake kwana.

To amma fa jirgin nan shi ya lalata ni, saboda ba ya saɓa alƙawari. In wannan ya wuce, kafin ka kurɓi shayi sau biyar wani ya iso. Mutumin da ya taso yana tsere da mota don bai san yaushe wata za ta zo ba, yau ga shi jirgi na zuwa masa har ƙofar gida bi da bi. Sai zuciyata ta ce, to gaggawar me? Na tsiro da wata al'ada. In na dawo daga sallar asuba sai in haɗa shayi in fito baranda daga ni sai singileti da wani zanen atamfa na Maryam, wanda ta naɗe mini yaji da kuka a ciki ranar da zan taho. Zanen ja ne, da hoton manya-manyan zakaru a jiki. (Kada a tambaye ni dalili. Yana da laushi, kuma ina kewar mai shi.) In tsaya in yi miƙa, in ɗan yi tsallen motsa jiki sau uku, in jirgi ya taho in ɗaga masa kofi in ce, “Wuce, na yafe ka, na baya zan shiga.” Gilashin gadar baƙi ne wuluk daga waje, don haka a ganina ni kaɗai ne a duniya.

Ranar da abin ya faru saura kwana goma gwajina ya ƙare. Na yafe jirgi na ɗaya, na yafe na biyu, na yafe har na shida, na daina ƙirga, sannan na duba waya na ga takwas saura kwata, kuma takwas ake fara aiki. Na zura kaya na fito a guje. Abin da ba a gaya maka game da bene mai hawa talatin shi ne duk mutanen cikinsa lokaci guda suke fita, kuma lif daga sama take cikowa. Sau uku tana buɗewa a hawa na huɗu, in ga fuskoki a matse suna kallona, ta rufe. Na bi matakala na sauka, na haye gada, ina isa ƙofar shiga na laluba aljihu, babu katin jirgi. Yana kan tebur kusa da kofin shayi. Na koma, na hau, na sauko, gumi har cikin takalmi.

Takwas da minti ashirin da biyar na tura ƙofar ɗakin taro. Talata ce, ranar mitin, kowa na zaune: mu Hausawa, da 'yan Pakistan biyu, da wata 'yar Filifin. Alhaji ya duba agogo ya dube ni. Na tuna takarda ta uku, na tuna Maryam da ta riga ta fara sallama da dangi. Kafin in yi shawara da kaina tsohon bakina na Kano ya buɗe da kansa.

“Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, jirgi ne ya tsaya mana a hanya. Minti ashirin cur muna tsaye tsakanin tasha da tasha.”

Shiru. Da ina da hankali da nan na tsaya. Amma shirun ya tsorata ni, sai na ƙara gishiri, na maimaita da Turanci ma don kowa ya amfana.

“Wallahi abin ba daɗi. Har sai da direban ya fito yana ba mu haƙuri.”

Anti Rabi ta ajiye biro a hankali, ta zare tabarau.

“Ƙanina, wane direban?”

Inna lillahi. A nan na tuna. Jirgin metro na Dubai ba shi da direba, na'ura ce ke tuƙa shi. Kuma ba wai ban sani ba ne, ni ne fa satina na farko na ɗauki bidiyo na tura wa 'yan gidanmu ina cewa ku zo ku ga jirgin da ke tuƙa kansa. Ɗaya daga cikin 'yan Pakistan ɗin ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. 'Yar Filifin ta toshe baki da fayil. Na ce, “Wato… ba direba-direba ba, wani ne dai mai kama da direba,” abin da ya sa wanda ke ƙoƙarin riƙe dariyarsa ma ya sake ta.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya gyara zaman hula ya ce cikin muryar nan tasa mai sanyi, “Malam, ni a benenku nake, hawa na ashirin da biyu. Shekara guda ke nan da na ajiye mota, jirgin nake bi. Bakwai da minti goma na bi ta kan gada yau.” Ya ɗan dakata. “Jirgi nawa ka yafe bayan na wuce?”

Jama'a, ashe gilashin nan daga waje ne kawai yake da duhu. Na sha bi ta cikin gadar a guje, ban taɓa waiwayawa na ga cewa barandata tana nan tar kamar talabijin ba. Duk wanda ya fito daga benayen nan zai shiga tasha sai ya wuce ta gabana.

“Au, wai shi ne mai zakaru?” in ji Anti Rabi tana tafa hannu. “Alhaji, shi ne wanda kake ba mu labari? Ni fa ta tagar jirgi nake hango shi kullum in mun rage gudu, na ɗauka wani ɗan Indiya ne mai motsa jiki!”

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ko ita ba ta taimake ni ba. Na tsaya riƙe da jaka, ina murmushin da ba shi da ma'ana.

Bayan mitin Alhaji ya ce in same shi a ofis. Na shiga, na ga takarda a kife a kan teburinsa, na san ko wacce ce. Ban jira ya fara ba na ce, “Ranka ya daɗe, ƙarya na yi. Shayi na tsaya sha.”

“Na sani, ai na ga kofin,” in ji shi. Ya juya takardar a hannu ya sake kife ta. “Da barci ne matsalarka da na sa hannu yanzu. Amma mutumin da ke baranda tun shida da rabi ba malalaci ba ne, rainin hankali ne kawai ke damunsa. Khalas, shi ke nan, ga yadda za a yi. Kwana goman nan da suka rage, kullum bakwai daidai ka same ni a kan gada, jirgi ɗaya za mu shiga. Ka saɓa sau ɗaya, in sa hannu.”

Na fara jero godiya har da durƙusawa. Na kai bakin ƙofa ya sake kirana.

“Malam.”

“Ranka ya daɗe.”

“Da wando za ka zo.”

Kwana goma na yi ina tsayuwa a kan gadar nan tun bakwai saura kwata, ina kallon barandata da idon mutane, kuma gaskiya sun yi haƙuri da ni. Aka tabbatar da ni a aiki. Bayan wata huɗu Maryam ta iso, Anti Rabi ta zo yi mata sannu da zuwa da kular abinci. Ko zama ba ta yi ba ta hango zanen a kan igiyar shanya, ta rungume Maryam ta ce, “Ashe ke ce mai zakarun! Sannu 'yar'uwa, zanenki ya riga ki yin suna a Dubai.” Sai da na yi bayani tun daga farko, Maryam na dariya har da hawaye.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka makara a garin da jirgi ba ya makara, ka shigo da laifinka a hannu ka ce kai ne. In kuma gidanka na bakin tasha, ka tuna maƙwabtanka mutum dubu ne kuma duk ta ƙofarka suke wucewa. Har yanzu ina shan shayina da safe ina kallon jirgi, amma daga bayan labule, da wando, kuma na farko nake shiga.