Cuthbert Relph da Tumakin Kudu

"Kalmar heft ma'ana bakwai gare ta, kuma duk kwarin nan ni kaɗai na san bakwai ɗin!"

Cuthbert Relph ke nan a mashayar ƙauyenmu, ya turo tumbi gaba, da ƙamus a hammata. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a wani ofis a birni, kawunsa ya mutu ya bar masa gona da tumaki tamanin, shi ke nan gogan ya wayi gari manomi. Ya fara lissafi da yatsu: nauyin abu, ɗaga abu a ji nauyinsa, ƙotar wuƙa...

Tsoho Wilf Birkett, maƙwabcinsa, ya ajiye kofi ya ce, "Mu dai ɗaya muka sani, Mista Relph. Wurin da tunkiya ta sani a kan dutse."

"Wannan ce ta bakwai, kuma ita ce mafi sauƙi!"

Abokina, ka dai san dutsen kiwonmu na kowa ne, babu shinge. Kowace tunkiya ta san iyakar yankinta domin uwarta ta nuna mata, ita ma tata uwar ta nuna mata. Shi ya sa ba a raba gona da tumakinta. Ko karen Wilf ya san wannan. Amma sarkin sani ya bugi tebur ya ce ranar taron makiyaya, inda ake mayar wa kowa ɓatattun dabbobinsa, zai yi wa jama'a lacca a kan heft, kuma ko tunkiyarsa ɗaya ba za a gani cikin ɓatattu ba.

Da ya je garke ya ga gadonsa, sai ya yatsine fuska.

"Waɗannan ƙananan masu kalar toka? Ai abin kunya ne!"

"Cuthbert, kar ka sayar da su," in ji matarsa Doreen. "Su suka san dutsen, kai ba ka san shi ba."

"Mata, na karanta."

Ya sayar da su kaf, ya sayo farare sittin daga kudu, ɓul-ɓul da su, waɗanda tun haihuwarsu ba su taɓa hawa tudun da ya wuce dokin ƙofa ba. Ya kai su dutse, ya nuna gabas da sanda, ya nuna yamma, ya dawo gida shan shayi.

Kwana biyu, fasto ya bugo waya: tara suna maƙabartar coci, sun cinye furannin kabarin kawun Cuthbert. Uku suna filin ƙwallo. Ɗaya tana rumfar jiran bas, ta hana kowa zama.

"Uwa suka rasa," in ji masanin. "To, ni zan zame musu uwa."

Wallahi da ma ka gan shi! Ƙato mai shekara sittin, da bokitin dusa a hannu, yana zagaya dutse yana "mee, mee," Wilf na leƙe ta kan katanga yana share hawayen dariya. Tumakin kuwa sun koyi darasi sarai: inda bokiti yake, nan ne gida. Suka biyo shi har kicin, suka cinye wa Doreen kabeji.

Ranar taro da safe, talatin da ɗaya babu labarinsu. Ya hau nema kafin asiri ya tonu. Hazo ya sauko, malamin tumaki ya rasa gabas ya rasa yamma, ya zurma cikin taɓo, takalmi ɗaya ya tafi. Da azahar Wilf ya tsince shi can cikin yankinsa, gogan ya kutsa tsakiyar tumakin Wilf yana neman ɗumi, haƙora na kaɗawa. Gaban motar Wilf kare ya riga ya zauna, sai aka loda shi a baya tare da ɓatattu.

A filin taro an cika, ana cin farfesun rago da dankali, mai shela yana duba fentin da ke jikin kowace dabba yana kiran mai ita.

"Jan ɗigo a kafaɗa, ta Relph! Wata ta Relph! Kai, wannan ma!"

Sau talatin da ɗaya, daga kwari shida. Sai Wilf ya buɗe bayan motarsa, tumaki suka diddiro, na ƙarshe ya rarrafo da takalmi ɗaya.

"Ga wani na tsinta a yankina," in ji Wilf. "Uwargida Relph, naki ne?"

Cuthbert ya gyara murya. "Jama'a, ma'ana ta farko..."

Doreen ba ta ko kalli fuskarsa ba. Ta kama kafaɗarsa ta juya shi yadda ake juya rago a kasuwa. Jiya-jiya Wilf ya shafa wa tumakinsa fenti, ga shi kuwa shuɗi shar, ya kwanta raɗau a gadon bayan rigar maigidan.

"Namu ja ne," ta ce. "Wannan shuɗi ne, Wilf. Naka ne."

"Haba, baiwar Allah! Me zan yi da shi? Ba ulu, ba nama, ga ci."

"To a kai shi garken waɗanda ba su da mai su," in ji Doreen, ta koma kan farfesunta. "In ba a samu mai so ba, na duba shi a taron baɗi."