Rasuwar Bauna, Motar Mai Fasa Dutse

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, iyalan Guduma mai fasa dutse ke sanar da 'yan uwa, maƙwabta, direbobin tifa, da duk wanda ya taɓa tsalle ya faɗa kwata don ya ba ta hanya, rasuwar motarsu Bauna. Ta cika ne a bakin ƙofar asibiti, bayan gajeriyar jinya mai tsananin ƙara. Ta rasu da tsufanta, amma ba tsufa ne ya kashe ta ba.

Marigayiya mota ce mai ja da ƙafa huɗu. Ba kyakkyawa ba ce, kuma ba za mu yi mata ƙarya don ƙasa za ta rufe idonta ba. Fentinta ya daɗe da barin jikinta, fitilarta ɗaya tana kallon sama, ƙofar baya kuwa sai an haure ta da ƙafa take rufuwa. A goshinta akwai wani ƙaton ƙarfe da Guduma ya sa mai walda ya lanƙwasa mata, kuma da shi ta yi yawancin ayyukan da za a riƙa tunawa da ita. Ta tumɓuke kututture, ta kwantar da katangar maƙwabci, ta taɓa shiga gida da ƙyauren gareji rataye a kanta. Ko bakanikenta bai tsira ba: ranar da yake gwada ta a kan duwatsu, taya ta daki wani tudu, sitiyari ya fizge ya karya masa babban yatsa. Duk da haka babu wanda ya taɓa ganin ta kwana a hanya.

Za a yi kewar muryarta. Da safe takan fara da tari, kyah, kyah, kyah, sannan ta saki wani gurnani, garrrr, wanda ke sa kwanukan kicin rawa a kan kanta. Amma sautin da Guduma ya fi so a duniya, har fiye da tashin nakiya a jikin dutse, shi ne ƙwas ɗin ƙaramar giyar motar.

Ga wanda bai san marigayiya ba, a gefen babbar giyarta akwai wata gajeriyar sanda mai baƙin kai. Idan hanya ta ƙare, laka ko hawan dutse ya tare gaba, Guduma yakan tsaya, ya sauka, ya murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, ya dawo ya taka kuloci, ya ja sandar nan baya har ta ce ƙwas. Daga nan Bauna ta daina gudu, sai rarrafe, amma rarrafen da ko bango ba ya tsayar da shi. Idan kuma an fito kan kwalta, dole a mayar da sandar, a kwance makullan, a ɗan ja da baya don jikinta ya saki. In ba haka ba, tayoyin gaba da na baya za su kama kokawa da juna a kan busasshen titi, ƙarafan cikinta su shiga cin junansu.

Guduma ya san duk wannan kamar yunwar cikinsa, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya sa wa sandar tsohuwar safa ya ɗaure da roba. Hannun da duk ya matso kusa, sifana ce ke tarbarsa. Ƙanen matarsa har yau yana yawo da baƙin farce saboda tambaya ɗaya da ya yi da yatsa. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta girma a kujerar gefen direba har ta yi aure tana tuƙa ƙaramar motar mijinta, ta sha roƙonsa ya nuna mata. Amsarsa ba ta taɓa canzawa ba: "Ke, wannan ba keken ɗinki ba ne. Ɗauke hannunki."

Ciwon ajali ya fara ne ranar hutu, bayan ruwan sama mai yawa. Babu lebura ko ɗaya a ramin fasa dutse. Auta ta bi mahaifinta don ta ɗebo tsakuwar da za ta zuba a tsakar gidanta, shi kuma ya tsaya duba bangon dutsen da aka sa wa nakiya kwanan baya. Wani falalen dutse da ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya sulalo ba sallama, ya danne masa ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Auta ta ce ƙarar ƙashin ta fi ƙarar dutsen shiga kunnenta. Da jak ɗin marigayiya ta ɗaga dutsen, da mayafinta ta ɗaure cinyar, ta ja mahaifinta a cikin caɓi kamar buhun siminti har kujerar baya, jini na bin sawunsu.

Hanyar fita daga ramin hawa ce, kuma ruwa ya mayar da ita laka zalla. Auta ta taka totur, tayoyin baya suka yi ta juyawa a banza suna watsa taɓo, motar ta fara zamewa da baya zuwa inda ruwa ya taru mai zurfi. A nan ne Guduma ya cije haƙora, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa ɗan Adam ba.

"Sauka ki murɗa makullan gaba. Dawo. Taka kuloci. Ja ƙaramar."

Ta fizge safar ta jefar, ta ja. Ƙwas. Bauna ta kafa ƙafafunta huɗu a laka ta hau, tana tauna duwatsu tana tofarwa, ta bi ta kan wani ƙaramin icce ba ta ko waiwaya ba.

"Yauwa," in ji Guduma. "To, in kin hau kwalta..." Sai idanunsa suka juye, ya suma.

Auta ta hau kwalta, ba ta kuma san akwai sauran magana ba. Abin da ta sani shi ne jinin mahaifinta ya fara gangarowa ƙarƙashin kujerarta. Ta danna totur har ƙasa. Bauna ta kurma ihun da ba a taɓa jin irinsa daga bakinta ba, wiiiii, allurar inji ta shige cikin ja ta zauna, amma gudun bai taka kara ya karya ba, don ƙaramar giya ba ta san gudu ba. A kowace kwana tayoyi na kuka suna tsalle, sitiyari na fizgar hannun Auta kamar zai ɓalle mata kafaɗa. Warin ƙonannen mai ya cika motar. Can ƙasa wani abu ya fara duka, dum, dum, dum, sai farfelar gaba, ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, ta tsinke, ta yi ta dukan cikin motar har ta huda ƙarfen da ke gefen ƙafar Auta. Ba ta ɗaga ƙafar ba. Masu babura suka watse, wani mai baro ya bar baronsa ya hau baranda, baƙin mai ya ja layi a titi tun daga mahadar hanya. Bauna ta daki sandar ƙofar asibiti ta raba ta biyu, inji ya ce gwaram, ya fashe ta gefe. Ta ja numfashi ɗaya, fuuuu, ta yi shiru, hancinta a cikin harabar asibiti.

Likitoci sun ceto ran, ba su ceto ƙafar ba. Bakanike kuwa da ya buɗe cikin marigayiya, haƙoran giya ya tarar a kwance cikin mai kamar tsakuwa. Ya goge hannunsa ya ce, "Wannan ya wuce gyara, sai haƙuri."

Da Guduma ya farfaɗo bai tambayi ƙafarsa ba, motarsa ya tambaya. Da aka gaya masa, ya ɗauki kofin da ke kusa ya maka shi da bango. Tun ranar bai sake kallon Auta ba. Ta kawo abinci, ya juya wa bango fuska. Ta gaishe shi, ya ce wa uwarta, "Gaya mata ta kashe mini ita, me kuma take nema?" Mu da muke gidan mun san inda ke masa ciwo. Ƙafar hagu ita ce ƙafar kuloci, kuma ko da Bauna ta rayu, shi da ƙwas ɗin nan sun rabu har abada. Ba zai iya yi wa dutse fushi ba, shi ya sa ya sauke a kan 'yarsa. Abin ya ci ran Auta ƙwarai, har ta gaya wa uwarta cewa da an kai marigayiya makwancinta, ba za ta ƙara tako gidan ba, tunda ganinta ciwo ne a wurinsa.

Marigayiya ta bar Guduma, mai ƙafa ɗaya da rai cikakke. Ta bar Auta, da wuyan hannu a ɗaure. Ta bar safaya taya da ba ta taɓa ganin ranar aiki ba, da jak mai tabon jini, da bakanike mai karkataccen yatsa, da maƙwabcin da sai yanzu ya yi ƙarfin halin sake gina katangarsa.

Za a kai ta makwancinta a filin masu yanka tsofaffin ƙarafa ranar Asabar da hantsi. Tifa ce za ta ja ta da sarƙa. Bakanike ya sanar da iyali cewa sai an sami mai zama a ciki, ya tura ƙaramar giya tsakiya don tayoyi su sake, ya kuma riƙe sitiyari. Da bakaniken ya ce shi zai yi, Guduma ya ɗaga masa sandar dogarawa har sai da ya fice da baya. Ƙanen matarsa ya buɗe baki, ya kalli farcensa, ya rufe. Sannan Guduma ya ce wa bango, "Ku kira ta."

Da Auta ta shigo ta durƙusa a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon ɗaurin da ke hannunta. "Kar ki sa manyan yatsunki a cikin sitiyarin," ya ce. "Ta waje ake riƙe ta. Tana karya yatsa."

Saboda haka Auta ce za ta tuƙa gawar. Ana roƙon masu rakiya su bi ta baya, kada kowa ya shiga gabanta, don marigayiya ba ta da birki, kuma ko tana raye ba ta cika amfani da shi ba. An sanar da masu yanka cewa su yanka komai, ban da gajeriyar sandar nan mai baƙin kai, wadda maigidan ya ce gadon Auta ce. Kujerar gefen direba kuma kada wanda ya nema. Guduma ne zai zauna a kai, don ya ce akwai maganar da ya fara yi wa 'yarsa a bakin ramin dutse, bai ƙarasa ba.