Wayar Malam Hammadu

"...da zafin nan? Shigo mana, ka tsaya a ƙofa da wuya kamar na zalɓe."

"Lafiya lau, tsohuwa. Har yanzu kina nan kina cinye mana shinkafa?"

Rana tsaka ce Usaini ya iso gidan kakarsa Asta, a wani ƙauye bayan Bunkure. Ƙungiyar manoman rani ta yankin ta sa wata manhaja mai basira tana raba musu ruwa: ita ke kiran manomi a waya, ita ke buɗe ruwa ta rufe. Duk abin da take aiki da shi akwai ɗan bayanin da aka rubuta mata, aikin Usaini kuwa shi ne ya karanta bayanan nan ya ware masu kyau da waɗanda za su ɓatar da ita.

"Mijin banza," in ji Asta. "Sai da ka ji mijina na gaske ya dawo sannan kishi ya kawo ka."

"Wane miji? Kakana Hammadu da ya daɗe da rasuwa?"

"Shi fa. Kullum bayan azahar sai wayarsa ta yi ƙara. Wata murya ta ce, Malam Hammadu, a sako ruwa? Ni ba na cewa uffan. Sai ta ce to, an ji. Kafin la'asar gonarsa ta cika maƙil."

Usaini ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ɗazu a hanyarsa ta zuwa ya wuce gonar marigayin. Ba kowa, ba shuka, sai ruwa kwance shiru, ko kwaɗo ba ya kuka a ciki. A gefenta tumatirin Titus, maƙwabcinsu, ya sunkuyar da kai don ƙishirwa.

Ya zauna a tabarma ya buɗe kwamfuta.

"Ga aljanin naki nan. An rubuta wa manhajar, kira mai gona ki nemi izini. Shi ke nan fa! Ba a ce wane ne mai gona ba, ba a ce ta yi yaya in an yi shiru ba. Ita kuma ta ɗauki shiru a matsayin e."

"To ai ta san halinsa. Ranar da aka tambaye shi ko yana so na, shiru ya yi."

"Tsoro ne ya kama bawan Allah."

"Kai da ko tsoron ma ba wadda ta ba ka. Kana ta auna rubutun inji, 'yan mata na auna ka suna wucewa."

"Bari in gyara layin nan kafin ki ƙone wa Titus tumatir, a ce kakata ta haɗa baki da lahira."

Bai rufe baki ba wayar ta yi ƙara. Tsohuwar waya ce mai maɓalli, a kan taga. Kajin tsakar gida suka yi tsit. Asta ta miƙa hannu ta danna, ta ɗora yatsa a leɓe.

"Malam Hammadu," muryar ta ce, a sanyaye. "A sako ruwa?"

Ba wanda ya motsa. Shirun ya yi tsawo, ya wuce yadda ya kamata inji ya jira.

"To, Malam, na ji," in ji muryar. "Yau a bar wa Titus."

Wayar ta mutu.

Usaini ya bi bayanin daga sama har ƙasa, ya sake bi. Babu sunan Titus, babu inda aka koya mata barin ruwa ga maƙwabci.

"Malam mai dubawa," Asta ta ce, "wane maki ka ba rubutun?"

"Wataƙila... wani a ofis ya taɓa wani abu."

"Wataƙila. Me ya sa muryarka ke rawa?"

"Yunwa ce."

"Faɗi gaskiya, wa ya fi iya yi wa inji bayani, kai ko Hammadu?"

Ya rufe kwamfutar a hankali. "Na sallama, tsohuwa. Ki riƙe mijinki, ni ba na takara da wanda ba ya buƙatar caji."

Asta ta yi dariya har da tari, ta turo masa kwanon shinkafa da wake.

"Ci, angona. Amma ɗan matsa gefe kaɗan, a wurinsa ka zauna."

Usaini ya ɗauki kwanon, ya ƙarasa cin abincinsa a tsaye, a bakin ƙofa.