Ranar da Na Durƙusa wa Surukina Saboda Tsohon Kwatabak

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ta lokacin sanyi ba, ko da tsufa ya kwashe min komai daga kai. Ranar ce na durƙusa a gaban surukina, da gwiwoyin nan biyu da ba sa jin magana.

Ga yadda abin ya faro. 'Yata Rabi ta ɗauko ni daga Katsina ta kawo ni unguwar Highbridge a ƙasar Amurkawa, bene hawa na biyar, in riƙa kula mata da yara in ta tafi aiki. Mijinta Alhaji (ba na faɗin sunansa, ku ma kada ku tambaya) yana ɗaukar fasinja a filin jirgin JFK. Shekara uku muna gida ɗaya, ban taɓa zama a falo yana ciki ba. In muka yi kiciɓis ya sunkuyar da kai, ni kuma in koma kicin.

Ana nan, ana nan, sai bene ya fara gagarata. Wata rana kuma na manta tukunya a wuta har ƙararrawar hayaƙi ta tara mana maƙwabta. Washegari na ji Rabi a waya tana tambayar inda ake samun mai raino. Na ce a raina shi ke nan, gida za a mayar da ni. A Katsina babu mai jirana sai ɗaki a kulle da kabarin mijina Malam.

To, duk Lahadi bayan azahar Alhaji da abokansa sukan taru a falo kallon ƙwallon Amurkawa a talabijin, wadda ake sa hular kwano ana tunkuɗar juna kamar raguna. Akwai wani dattijo a ƙungiyar da suke goyon baya da ake miƙa wa ƙwallo ya jefa, kwatabak suke ce masa. Ta bakin labulen kicin na hango furfura a gemunsa. Kullum shari'arsa ake yi.

"Hannunsa ya mutu," in ji Malam Isiyaka, abokin Alhaji ɗan Kumasi. "Da can in ya jefa, kamar ya sa maka a aljihu. Yanzu abokan hamayya yake raba wa sadaka."

"Haba Isiyaka, shekara nawa yana ɗauke da tim ɗin nan a ka?" in ji Alhaji.

"An gode masa. Gwiwa ta tafi, a sallame shi a kawo sabon jini."

Ina bayan labule ina murza tawa gwiwar. Na sa a raina cewa hukuncin da Alhaji zai yanke wa tsohon nan, shi zai yanke min. Muddin yana kare shi, ina da wurin kwana. Har a addu'a nake sa mutumin, ni da ko sunansa bakina bai iya faɗa ba.

Kwanci tashi, wasan ƙarshe na shekara ya zo. Tun farko tsohon ya jefa wa abokan hamayya har sau biyu. Sai na ji Alhaji da bakinsa ya ce, "Wallahi na gaji. In aka ci mu yau, ni ma na cire hannuna." Na shige ɗaki na yi la'asar, na daɗe a kan darduma ina roƙo.

Da na dawo bakin labule, me zan gani? Dattijo ya karɓi ƙwallo, ya ja da baya, ya durƙusa a gaban yaran da ya isa ya haifa, jama'a dubu suna kallo. Ya tashi, ya sake durƙusawa. Mazan falo duk suna tsaye suna ihu, Malam Isiyaka yana cewa, "Shi ke nan, an gama."

A garinmu in babba ya durƙusa neman gafara, ba a barinsa shi kaɗai. Wani babba kan fito ya taya shi, don a ji nauyi. Na ja mayafi, na shiga falon da ban taɓa shiga yana ciki ba, na zube a gaban Alhaji.

"Alhaji, ku dubi Allah ku yafe wa bawan Allah nan. Tsufa ba laifi ba ne. In ya kasa yau, ai ya yi muku shekara da shekaru. Tukunya ɗaya ce fa ta ƙone."

Tukunya. Nan na tona wa kaina asiri.

Alhaji ya faɗi ƙasa kamar an sare shi, don ba zai tsaya a kan surukarsa tana durƙushe ba. Abokansa suka bi shi. Ƙarti huɗu a kan kafet, farantin tsire ya kife.

"Subhanallahi, Hajiya, don Allah ki tashi," in ji Alhaji.

Malam Isiyaka, kansa a ƙasa, ya ce, "Hajiya, ai mu muka ci. In kana gaba kuma lokaci ya kusa ƙarewa, durƙusawa ake yi agogo ya cinye sauran. Durƙuson nasara ne."

Na yunƙura in tashi in gudu, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Su ba su isa su taɓa ni ba, kuma ba mai tashi kafin ni. Haka muka zauna a ƙasa mu biyar (talabijin na ta kiɗa) har Rabi ta fito daga ɗaki ta ɗago ni.

"Umma, mai rainon nan don hawa bene ce da kai yara makaranta," ta ce a kunnena. "Wa ya ce za ki tafi?"

Alhaji, har yanzu bai ɗago kai ba, ya ce, "Ko tukunya goma ce, Hajiya."

Tsohon kwatabak dai, duk da nasarar, ƙungiyarsa ta sallame shi kafin sanyi ya wuce. Ni ina nan hawa na biyar. Malam Isiyaka kuwa in ya zo gaishe ni sai ya ce, "Hajiya, ya gwiwa, ya mutuminki?"

Tun daga ranar, kafin in roƙa wa wani gafara sai na tambayi wa ke kan gaba, sannan in duba ko akwai kujerar dafawa kusa.