Dokta Kashi-Cikin-Ɗari Ya Je Gaisuwa

Duk wanda bai ji shugaban sashenmu yana bayanin mutuwa ba, to bai san daɗin magana ba. Dokta ne, amma na alƙaluma, ba na allura ba. Tashe shi daga barci ka tambaye shi abin da ya fi kashe mutanen duniya, zai jero maka tun kafin ya laluba tabarau. Mu ma'aikatansa muna kiransa Kashi-Cikin-Ɗari, a bayan idonsa mana. A gabansa kuwa har rige-rigen ɗaukar masa jaka muke yi, ba kunya.

A ofishinsa akwai taswirar duniya mai ja da ruwan ɗorawa. Nan yake tsayawa, hannu a aljihu, ya ce, "Ni ba na kallon mutum ɗaya. Mutum ɗaya ba hujja ba ne. Ku kawo mini miliyan, sai mu yi magana." Mu kuma mu yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

To, ana nan sai surukinsa ya kwanta ciwo. Uwargida ta koma gidansu jinya, ta yi ta kira, Dokta yana cewa sai ya gama rahoto. Tsoho ya cika Dokta yana can wani taro a ƙasar waje, yana yi wa turawa da larabawa jawabi kan mace-mace. Da ya dawo ya tarar da gida wayam, da saƙon cewa in yana son matarsa ya zo ya duƙa gaban mahaifiyarta. Wallahi hankalinsa ya tashi, don yana sonta, ko makullin ɗakin ajiya bai san inda yake ba in ba ta nan.

Sai ya kwashe mu muka raka shi, wai zuwa da tawaga ya fi kwarjini. Tun a mota muka roƙe shi ya yi addu'a kawai ya yi shiru.

Falon cike da mata, an jingine kujeru a bango, tsohuwa tana kan tabarma da carbi, uwargida a gefenta ido ya kumbura. Dokta ya durƙusa, ya yi gaisuwa tsaf, har muka fara sakin numfashi. Ashe da saura.

"Mama, a yi haƙuri. In aka duba, Baba ya wuce matsakaicin shekarun da namiji ke yi a irin ƙasashenmu. A lissafi, riba ya ci."

Wata gwaggo ta ce, "Inna lillahi!" Maimakon ya ja baki, sai aikin ya motsa masa.

"Kafin ya cika, ƙafafunsa sun kumbura? Yana haki in ya kwanta? Don mu san ainihin musabbabi."

Abin kunyar, mu ma da ke bayansa mun miƙa wuya muna jiran amsa.

Tsohuwa ta ajiye carbi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Hawan jini ne, ɗana. Tun bara yarinyar nan ke roƙonka ka lallashe shi ya je a auna shi, don maganarka kaɗai yake ji, yana alfahari surukinsa dokta ne. Kullum kana kan rahoto. Tashi ka je ka ƙarasa. Ita tana nan tukuna."

Uwargida ko kallonsa ba ta yi ba.

Muka koma mota. Dokta ya cire tabarau yana ta gogewa, ya ba mu tausayi ƙwarai. Can ya yi gyaran murya, a hankali ya ce, "Irin wannan mutuwa a wane rukuni take shiga?"

Mu kuwa, Allah ya shirye mu, muka haɗa baki: "Mace-macen da za a iya hanawa, ranka ya daɗe."