Rasuwar Randar Iya Barakatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kunya ta fi baƙin cikin nauyi a cikinta, ni Muhyiddin Haladu, a madadin iyalan marigayi Malam Gwadabe na Utai, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar randar kakarmu, Iya Barakatu. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a tsakar gida, a hannuna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiyar 'yar asalin Lajawa ce. Wata maginiya ce ta gina ta, wadda yau babu mai tuna sunanta sai Iya. A ka aka ɗauko ta bisa gammo, cikin ayarin 'yan kai amarya, ranar da aka kawo Iya gidan nan, tun ana ciniki da sule da sisi. Aka haƙa mata gurbi a jikin bangon ɗakin Iya, aka zuba yashin kogi, aka dasa ta har ƙugu. Tun daga ranar ba ta sake barin wurin ba.

Duk wanda ya san ta zai yi mata shaidar alheri. Ba ta taɓa jiran a kawo wuta kafin ta sanyaya ruwa ba. Ba ta taɓa tambayar baƙo daga ina yake ba. Maganarta kaɗan ce. Idan tana cike, aka zura moɗa, takan ce ɓulum. Idan ruwa ya yi ƙasa, takan ce ƙwar-ƙwar a hankali, kamar dattijuwar da ba ta son a ce ta yi roƙo.

A gindinta na koyi sunayen da ban taɓa gani a takardar jarrabawa ba. Iya ba ta ba da labari haka kawai. Sai an miƙa mata moɗa ta kurɓa, ta ajiye numfashi, sannan waɗanda suka taɓa sha a randar su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya: ɗan doka da kulkinsa, malamin jangali da ya zo ƙidayar shanu, madugun da ya sauke fatakensa a ƙofar gida, sanƙira da maƙogwaronsa ya bushe da shela. Wanda ta fi ambata shi ne duba-gari, ma'aikacin tsafta na wancan zamani, mai bin gida-gida yana leƙa randuna ko zai ga tsutsa. Ya leƙa marigayiyar ba sau ɗaya ba, bai taɓa samun ta da laifi ba. Duba-garin da ya same ta da laifi a gidan aka haife shi, kuma da ruwanta aka yi masa wankan jarirai.

Ba ta yi jinya ba. Na kammala karatun ilimin ƙananan halittu a jami'a a nan Wudil, na dawo gida ina jiran kiran bautar ƙasa, da ilimi a kai da hannu babu aiki. Sai idona ya sauka a kan gansakukar da ta yi kore a wuyanta. A gidanmu a inda randa take ake wanke ta: a kwashe ruwan, a zura hannu da soso, ba a kusantar ta da sabulu, ba a kuma ɗaga ta. Na san wannan sarai. Ƙanwata Radiyya ma ta ce, “Yaya, don Allah ka bar ta inda ka gan ta. Kwano ce da za ka kife ta a rana?” Na yi mata bayanin da ba ta nema ba. Na jira aka tafi da Iya asibiti duba ido, na tone yashin, na rungumi marigayiyar, na ɗaga. Ta ce ƙas, sau ɗaya. Rabinta na sama ya biyo ƙirjina, gindinta ya zauna a ƙasa. Ashe yashin da nake wa kallon ƙazanta shi ne ya riƙe ta shekarun nan duka.

Ta rasu ta bar moɗa, abokiyar zamanta, wadda yaran gidan suke kira kofi. Ta bar faifan da ke rufe bakinta. Ta bar ƙaninta tulu, wanda ya daɗe da ajiye aiki a ƙarƙashin rumbu, da 'yar uwarta kwatarniya, da yanzu agwagi ke wanka a ciki. Ina tsoron sunayensu ba za su daɗe a bayanta ba, domin ita ce dalilin da ya sa ake kiran su kullum.

Ta kuma bar Iya. Nan ne alƙalamina yake yin nauyi.

Iya ba ta gani, kuma har yanzu ba a gaya mata ba. Ni na roƙi mutanen gida su yi shiru. Na tsinci tsingaro ɗaya daga jikin marigayiyar, na wanke, na jefa a bokitin roba, domin ruwan ya ɗauki ƙamshin ƙasa. Daga nan nake cika mata moɗa. Shekaranjiya ta kurɓa, ta daɗe tana juya ruwan a baki, ta ce, “Maigida, randar nan tsufa take yi kamar matarka. Sanyinta ya ragu.” Na ce, “Zafi ne ya yi yawa bana, Iya.” Ta ce, “To, Allah ya kawo sauƙi,” ta miƙo mini moɗar da rabin ruwa a ciki. Ranar babu wanda ya fito, ko ɗan doka ko madugu. Fasa randar ganganci ne. Wannan amsar kuwa da hankalina na ba da ita, ga tsohuwar da ta goya ni.

Ba zan iya ci gaba da haka ba, ko da na so. Kowace Juma'a da safe Iya takan sa a kama hannunta a kai ta wurin randar, ta shafa wuyanta, ta jefa saiwar jema mai sa ruwa ƙamshi a ciki da kanta. Ba ta taɓa wakilta kowa ba. Jibi Juma'a.

Saboda haka, ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi salla ba, ƙasa ce za ta koma ƙasa. Za a binne gutsattsarin a bayan rumbu ranar Juma'a bayan la'asar, har da wanda ke cikin bokiti. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ɗaga murya a soro kafin ranar, kada kuma wani ya biya kasuwar Wudil ya sayo sabuwa da niyyar a dasa a ɓoye. Wanda ya taɓa sha a randar, in da hali, ya zo tun da safe ya tsaya kusa da Iya. Radiyya ta ce za ta faɗa mata a madadina, na ƙi. Ni zan kama hannunta, in kai ta jikin bangon, in bar hannun ya sauka cikin gurbin yashi, sannan in gaya mata wanda ya yi.

Allah ya ba ta haƙurin ji, ni kuma ya ba ni bakin faɗa.

Sanarwa daga jikanta,
Muhyiddin Haladu Utai